MAGANI BA YA ZAMA A CIKIN DA BABU TUWO

Laccar da aka karanta wa wakilan rassan Tasawa da Mayahi



An umurce mu mu yi magana yau a kan wani al'amari wanda ba a faye kawo shi gaban taro ba, sabo da kunya da tsoron bakin mutane. Watau zancen yaran da su ke ɗauke da ƙwayar cutar sida, wadda waɗansu ke kira ƙanjamau, waɗanda a ke ba magani a asibitocin ƙasar Tasawa da ta Mayahi, da dalilin da ya sa waɗansunsu su ke rayuwa har su shiga lakwal, waɗansu kuwa a rufe su alhali ga magani a ɗaki bai ƙare ba. Mu ba likitoci ba ne, masu koyar da yara ne. Amma abin da masana su ka auna su ka rubuta ba asiri ba ne, kuma hakkin talaka ne ya ji shi da harshensa, domin ɗansa ne a kan gargara.

Maganarmu guda ɗaya ce, in kun riƙe ta kun riƙe laccar duka. Maganin sida yana aiki, kuma kyauta a ke ba da shi, amma ba ya tsai da ran yaron da yunwa ta riga ta cinye. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

YADDA ABIN YA KE

A shekarar 1987 aka fara tabbatar da cutar nan a Nijar. Da aka yi ƙidayar lafiya ta ƙasa a 2006, an sami kashi 0.7 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, a ƙidayar 2012 kuwa ta sauko zuwa kashi 0.4, watau mutum 4 cikin 1,000. To, wannan kaɗan ne in an gwada da ƙasashen kudancin Afirka, mun gode Allah. Amma ƙarancin nan yana da nasa haɗari, gama abin da ba a yawan gani ba a yawan neman sa.

Tamowa kuwa, watau ramar da rashin abinci ke jawo wa yaro, ba baƙuwa ba ce a jihar Maraɗi. Dukanmu mun san 2005, bayan fari da fara na 2004, sa'ad da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ita kaɗai ta yi jiyyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jiharmu. Binciken da aka yi a 2022 ya nuna yara 47 cikin 100 na ƙasa duka tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a jihar Maraɗi kuwa sun fi rabi. Sabo da haka in yaro ya rame a Korgom ko a Kanambakashe, ba wanda zai yi mamaki. Sai a ce haƙori ne, ko yaye, ko damina. A cikin taron ramammun nan ne yaro mai sida ya ke ɓacewa, ba a gane shi ba sai lokaci ya ƙure.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce mun ce ko wane ramammen yaro sida gare shi. Ba haka ba ne, mafi yawansu nesa ba kusa ba yunwa ce da zazzaɓi da zawo. Amma ku ji wannan. A babban asibitin Yamai an gwada jinin yaran da aka kwantar sabo da tamowa mai tsanani, aka buga sakamakon a 2011, sai aka sami kusan 9 cikin 100 suna da ƙwayar cutar. Ku gwada wannan da 4 cikin 1,000 na manyan gari. Ashe ɗakin masu tamowa shi ne wurin da ya fi dacewa a nemi yaran nan.

YADDA YUNWA DA CUTA SU KE TAIMAKON JUNA

Allah ya sa wa jikin ɗan Adam waɗansu ƙwayoyi a cikin jini masu tsaron sa daga cututtuka, kamar dogarai a ƙofar fada. Ƙwayar sida waɗannan dogarai ta ke bi tana kashewa. Yunwa ita ma raunana su ta ke yi. In su biyu su ka haɗu a jikin yaro ɗan wata goma, sai ƙofa ta zauna a buɗe: zawo ya shiga, tari ya shiga, ƙuraje su fito a baki har ya kasa tsotson nono. Abin da ya ci kuma hanji ba ya riƙewa, sai ya wuce. Ga zazzaɓi yana ƙona ɗan abin da ya rage. Ramar ta ƙara wa cutar ƙarfi, cutar ta ƙara ramar, haka su ke yi har su gama da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna wannan, ta fitar da ƙa'ida a 2009. Yaro mai ƙwayar cutar, ko da lafiyarsa lau a ido, yana bukatar ƙarin abinci kashi 10 cikin 100 bisa na tsaransa, watau loma ɗaya a kan ko wace loma goma. In yana fama da tari ko zawo ko wani ciwo mai daɗewa, ƙarin ya zama loma biyu ko uku a kan goma. In kuwa ya faɗa tamowa mai tsanani, sai an ƙara masa rabin abin da tsaransa ke ci, ko ma a ninka. Yanzu ku dubi gidajenmu a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, yara biyar sun kewaye akushi ɗaya. Wa zai ba marar ƙarfin cikinsu lomar nan ta ƙari? Mai ƙarfin hannu shi ke cinyewa.

Ga abin da haɗuwar nan ta ke haifarwa. Waɗansu masana biyu, Fergusson da Tomkins, sun tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka a kan yara masu tamowa mai tsanani, su ka buga a 2009. Cikin waɗanda ba su da sida, kimanin 8 cikin 100 su ka mutu. Cikin masu ita kuwa, kimanin 30 cikin 100. Ɗaki ɗaya, madara ɗaya, amma mutuwa ta fi ninki uku.

ABIN DA MAGANI YA KE YI

Kada wannan ya karya muku zuciya, gama akwai labari mai daɗi. A da, kafin magani ya iso, cikin jariran Afirka da su ka kamu, kashi ɗaya cikin uku ba sa ganin ƙarshen shekararsu ta fari, rabi kuwa ba sa wuce shekara biyu. An buga wannan lissafi a 2004. A shekarar nan kuma aka gwada a ƙasar Zambiya cewa wani magani mai araha, kotirimokzazol, wanda mutane su ka sani da sunan Bactrim, in ana ba yaran nan kullum yana rage mutuwarsu da kashi 43 cikin 100. Sa'an nan a 2008 binciken Afirka ta Kudu ya nuna in aka fara ba jariri maganin sida tun yana 'yan makonni, ba a jira ya kwanta ba, mutuwa tana raguwa da kashi 76 cikin 100. Tun 2015 ƙa'idar duniya ita ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara masa magani, babba ko yaro.

A Nijar an fara ba da maganin a 2004, kuma a 2006 gwamnati ta yanke cewa jiyyar yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ce. Maganin yara na farko ruwa ne mai ɗaci, wani ma sai an ajiye shi a wuri mai sanyi, abin da ba shi yiwuwa a Urafan cikin bazara. Amma daga 2020 an sami ƙwaya mai suna dolutegirabir, wadda a ke narkawa a ɗan ruwa, mai zaƙi, sau ɗaya a yini, ana iya ba jariri tun yana da mako 4 in ya kai kilo 3.

To, a nan akwai abin lura. Da sikeli a ke ba da maganin nan, ba da shekaru ba. Yaro mai kilo 3 zuwa 6 rabin ƙwaya ne, mai kilo 6 zuwa 10 ɗaya da rabi, mai 10 zuwa 14 biyu, mai 14 zuwa 20 biyu da rabi, in ya kai kilo 20 ya koma ƙwayar manya. Sabo da haka in yaro ya murmure ya yi ƙiba, aka ci gaba da ba shi awon da, maganin ya yi masa kaɗan, ƙwayar cutar kuwa ta sami hanyar sabawa da shi. Uwar da ta ce ɗanta ya warke, ba sai ta koma awo ba, ta yi kuskure babba. Maganin ba ya fitar da cutar, danne ta ya ke yi, ranar da aka bari ta tashi.

Duk da haka yara su ne a baya. A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023, manya 77 cikin 100 masu cutar suna samun magani, yara kuwa 57 kaɗai, a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ma 35. A shekarar nan yara kimanin 76,000 cutar ta kashe a duniya, alhali ga maganinta.

WATANNIN FARKO

Likitoci a ƙasashe da yawa sun ga abu ɗaya: yaron da zai mutu bayan an fara masa magani, galibi a watannin farko ya ke mutuwa, kuma wanda ya zo a rame shi ya fi shiga haɗari. Wanda ya tsallake watannin nan yana ci yana ƙara nauyi, yawanci ya kama hanya. Don haka ƙa'idar 2013 ta ce yaron da aka kwantar da tamowa mai tsanani a fara daidaita shi tukuna, a kashe zazzaɓi, a ba shi madarar asibiti, da zarar kumburi ya sauka ya soma son abinci sai a fara maganin sida ba da jinkiri ba. Wannan aikin ɗakin CRENI ne na babban asibitin Tasawa ko na Mayahi. Wanda bai galabaita ba kuwa, yana iya ci, a CRENAS na gidan likitan karkara a ke ba shi abincin nan na gyaɗa, ya koma gida.

Kuma ku sani, maganin da kansa yana buɗe ciki. Yaron da ya yi wata uku ba ya son komi, sai ga shi yana kukan yunwa dare da rana. Alamar sauƙi ke nan, amma a gidan da babu hatsi sai ta zama azaba, har uwa ta yi tunanin dakatar da ƙwayar don ya daina kuka. Kada mu zarge ta. Mu tambayi kanmu ina mu ke sa'ad da ta kai ga haka.

NONO DA YAYE

Iyayenmu mata, wannan naku ne. In ba a yi komi ba, cikin jarirai 100 da mata masu cutar su ka haifa, 15 zuwa 45 za su kamu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In uwa tana shan maganinta kullum, abin ya kan sauko ƙasa da 5. Sabo da haka awon ciki da gwajin jini su ne rigakafin farko, kuma maigida ma ya je a gwada shi, musamman mu da mu ke tafiya cin rani mu daɗe.

Ba a hana mai cutar ba da nono. Ƙa'idar 2016 ta ce uwar da ke shan magani ta ba da nono zalla wata 6, ba ruwa, ba bauri, ba koko, sa'an nan ta ci gaba da shayarwa tare da abinci har aƙalla wata 12, tana iya kai wa shekara biyu. A ƙasarmu, inda ruwan rijiya da na tabki ke kawo zawo, hana jariri nono ya fi kusa da kashe shi. A gwada jinin jaririn yana da mako 4 zuwa 6, a sake a wata 18, ko wata 3 bayan yaye in shayarwa ta wuce nan.

Al'adar nan tamu ta yaye dare ɗaya, a ɗauki yaro a kai wa kaka a wani gari don uwa ta sami ciki, ita ma sai mun dube ta. Yaro ya rabu da nono, ya rabu da mai ba shi magani, kakar kuwa ba a gaya mata komi ba sabo da kunya. In ya zama dole a kai shi, to, a kai shi da maganinsa da katinsa, a kuma gaya wa mutum ɗaya amintacce gaskiya.

GYAƊARMU

'Yan'uwa, yanzu mu zo ga siyasar abin. Zamanin mulkin mallaka ƙasar nan tamu ta Maraɗi da Tasawa tana cikin rumbunan gyaɗar Faransa. Kakanninmu sun noma ta don biyan haraji, aka auna ta da sikelin kamfani, aka ɗora a mota zuwa Kano, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku. Bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don cinikinta, har farin shekarun 1970 ya karya noman. To, a 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, da kamfanin Nutriset su ka haɗa gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, su ka zuba a 'yar leda mai giram 92, su ka sa mata suna Plumpy'Nut. Shi ne abin da matanmu ke kira biskit. Ya ceci yara masu yawan gaske, ba mu musun wannan, kuma tun 2005 kamfanin STA ya fara yin sa a Yamai. Amma ku dubi abin da kyau: amfanin gonar da mu ka fi kowa sani, shi ne ya komo mana a matsayin sadaka.

Kuɗin sayen biskit ɗin nan, da na maganin sida, mafi yawansu daga waje su ka fito, na maganin musamman daga Asusun Duniya da aka kafa a 2002. A Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakonta na ƙasashen waje, a Yuli 2025 kuma aka rufe hukumarta ta USAID, wadda ta kasance cikin manyan masu sayen abincin nan a duniya. Ba a yi shawara da uwar da ke Isawan ba kafin a sa hannu. Zanen aro ba ya rufe katara. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja su ka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don lafiya. Wajibinmu ne mu riƙa tambaya ko wace shekara nawa aka ware, nawa kuma ya iso gidan likitan ƙauye. Ƙasar da ran jaririnta ke rataye da sa hannun wani a ƙetaren teku, da sauran aiki a mulkin kanta.

AIKIN RASSA

Amma ba za mu zauna jiran Yamai ba. Ga abin da mu ke roƙon ko wane reshe ya ɗauka.

Na ɗaya, awon dantse. Akwai ɗan zare mai launi uku da a ke naɗa wa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 a tsakiyar dantse. Ja, watau ƙasa da milimita 115, haɗari ne, a tafi asibiti a ranar. Rawaya, 115 zuwa 125, gargaɗi ne. A Mirya ta jihar Damagaram aka gwada aka tabbatar uwar da ba ta yi lakwal ba tana iya awon nan daidai. Ko wane reshe ya nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa matansa. In ƙafafun yaro biyu sun kumbura, kada a jira awo.

Na biyu, duk yaron da aka kwantar da tamowa, ko wanda ya sha biskit makonni bai motsa ba, ko mai zawo da tarin da ba sa ƙarewa, iyaye su roƙa da bakinsu a gwada jininsa da na uwar.

Na uku, kwanon yaro daban. A raba masa nasa, a ba shi sau biyar a yini. Kunun gero tsararo ruwa ne kawai. A sa masa garin ƙuli-ƙuli ko tunkuza, ko garin wake, da cokalin mai, da zogale ko kuka, da nonon akuya da aka tafasa, da ƙwai in ya samu. Duk waɗannan a kasuwanninmu su ke, ba daga Turai ba.

Na huɗu, biskit magani ne, ba kayan kwalama ba. Mu da mu ke zaune a garuruwan kasuwa mun san ana ganin sa a tebur. Kada ɗan jam'iyya ya saya, kada ya sayar. Uwar da ta sayar kuwa yunwar sauran 'ya'yanta ta sa ta, sai a taimake ta da hatsi maimakon a kunyata ta.

Na biyar, asusun kaka. Lokacin girbi ko wane ɗan reshe ya ba da tiya ɗaya ta gero ko wake, a ajiye don gidajen da ke da yaro marar lafiya a damina, da kuɗin mota zuwa karɓar magani. Reshen da ya iya ya sayi jar akuya ya ba da kiwo, in ta haihu a miƙa wa wani gida. Maigidan da zai tafi cin rani kuma kada ya kulle rumbu ya bar mace da abin gamanarta kaɗai.

Na shida, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina su ka zo, uwar yaron da ke shan Bactrim kullum ta faɗa musu a keɓe, domin ba a haɗa magungunan biyu. Gidan sauro kuwa dole ne.

Na bakwai, kuma shi ya fi duka nauyi, riƙon asiri. Dokar ƙasa ta 2007, wadda aka sabunta a 2015, ta hana tona asirin mai cutar da nuna masa bambanci. Reshe ba ya rubuta sunan kowa, ba ya tambayar wace cuta ce. Ramar yaro ta isa dalilin taimako. Ba a ɗaukar sida ta cin abinci a kwano ɗaya, ko wasa, ko zama a benci ɗaya a aji, ko cizon sauro. Matar da ta ji tsoron saki ko gorin kishiya za ta ɓoye magani, ta daina zuwa awo, yaro kuwa shi zai biya. Harshenmu yana iya kashe wanda cutar ta bari.

'Yan'uwa, yaran nan ba su da yawa, ba su da ƙuri'a, ba su san sunan jam'iyyarmu ba. Amma a Afirka akwai waɗanda aka haifa da cutar nan, su ka sha magani su ka ci abinci, su ka girma su ka yi aure, su ka haifi 'ya'ya marasa ita. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a Maijirgi da Sarkin Hausa. Sakataren ko wane reshe ya karanta takardar nan a taronsa na gaba, a kuma karanta wa mata a nasu, sa'an nan a aiko mana da labarin tiya nawa aka tara da mata nawa su ka koyi awon dantse.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.